Zuwa ga Mai Agogon da Ya Kwance Mini Na'ura

Ya kai sanyin idona, inuwata a tsakar rana, ruwan da na sha na daina neman wani, mijina, mai agogona,

"Kallonta kawai zan yi, wallahi ko sukudireba ba zan ɗauka ba." Ka tuna wannan magana? Bakinka ne ya faɗe ta, ranar Talata da safe, kana tsaye a ƙofar ɗaki da kwalin na'urata ta insulin, maganin sugana, a hammata. Ni kuma, wawuya mai shekara arba'in da ɗaya, wadda ta karance rabin littattafan ɗakin karatun da take aiki, na yarda! Na yarda mai gyaran agogo zai wuni da abu mai ƙananan kusoshi huɗu a bayansa, ya yi ta kallo kawai!

Washegari na je asibiti don a koya mana aiki da ita, a manna mini. Ka ce in yi gaba, kana tafe. Nas ta juya na'urar, ta ga hatimin bayanta a tsage, ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Hajiya, wa ya yi mata tiyata?" Na waiwaya kujerar da aka ajiye maka, babu kowa. Ta ce na'urar da aka buɗe ba a sa ta a jikin mutum, ko da wanda ya ƙera ta ne ya mayar da kusoshin. Na fito da kwali a hannu kamar wadda ta je ɗauko gawa, kunya na cin fuskata, ɗanka na cikina yana jiran maganin da ubansa ya kwance don ya ga abin da ke ciki!

To, me ka gani, farin watana? Ka ga aljani? Ka ga wani namiji a ɓoye a bayan batir?

Na san amsarka tun ba ka faɗa ba. Za ka ce shekara ashirin kana karɓar abubuwan da suka mutu a hannun masu su, ka san babu injin da ba ya tsayawa, ba za ka damƙa ran matarka ga abin da ba ka ga hanjinsa ba. Gaskiya ne, kuma da ka tsaya a gaban nas ka faɗi haka, da na yi alfahari da kai. Amma ba ita ce duk gaskiyar ba, kuma kada ka raina mini hankali. Shekara goma sha huɗu hannunka ne ke yi mini allura. Tsoro kake ji a sallame ka daga wannan aiki.

Ya rabin raina, ka tuna satin farko na aurenmu? Na shige bayan labule da allurata ina ɓoyewa, don kada ango ya ga amaryarsa da tabon ciwon suga a ciki da cinya. Ka ɗaga labulen, ka durƙusa, ka karɓi allurar da yatsun nan naka da ba sa rawa, yatsun da ke ɗaukar ƙarfe mai siririn gashi da hantsaki. Ban ji shigarta ba. Ka danna, ka ƙirga goma a hankali kusa da kunnena, ka zare. Tun daga ranar, sau huɗu kullum, kamar fitowar rana da faɗuwarta. Da azahar kana rufe shago, ka tsallako titi da gilashin gyara har yanzu a goshinka, abokan aikina suna zolaya, wai ga likitan Hajiya ya iso. Wace mace aka taɓa yi wa haka? Ina kishin wannan hannu fiye da yadda kake kishinsa! Kana tsammani ni ban yi kuka ba ranar da likita ta ce allura ta gaza?

Amma ta gaza, masoyina. Ba hannunka ne ya gaza ba, jikina ne ya canja. Tun da cikin nan ya shiga wata huɗu, sugana ya zama guguwa: da hantsi ya hau sama kamar shaho, kafin azahar ya faɗo kamar an harbe shi. Ranar Litinin a tsakanin kantocin littattafai gumi ya karyo mini, haruffa suka narke, na zauna a ƙasa ina lalubar alewa a jaka. Kana tsallaken titi, kana sa wa agogon wani batir. Na'urar nan ɗigo-ɗigo take bayarwa, dare da rana, kamar yayyafin da ƙasa ke sha ba tare da ambaliya ba. Hannu ba ya iya wannan, komai ƙaunarsa.

Ciki biyu muka binne, ni da kai. Kai ka naɗe na biyun a farin ƙyalle, ka dawo ka kwana uku ba ka buɗe shago ba. Wannan na uku ne, kuma a shekaruna ba na jin akwai na huɗu. Da shi ka yi wasa, da sukudireba!

Abin da ya fi ƙona mini rai ma ba kwancewar ba ne. Shirunka ne. Kwana tara ke nan kana zuwa a kan lokaci, ka yi mini allura idonka a ƙasa, ka ƙirga goma a zuci, ka fice. Ko "yi haƙuri" babu. Inna ta tambaye ni ko mun yi faɗa, na ce a'a, ɗanta ne dai ya haɗiye harshensa. Shi ya sa na rubuta, na cusa takardar a jakar allura, inda na san dole hannunka ya taɓa ta.

Da ka karanta littafin da ya zo a kwalin, maimakon ka yi wa na'urar fiɗa, da ka ga shafin da ya ce duk kwana uku sai an canja siririn bututun da ke shiga fata. Nan da wata biyu ba zan ga ƙasan cibiyata ba, balle in kai hannu bayan kwiɓina. Wa zai goge wurin, ya manna, ya tabbatar babu kumfar iska a bututu? Wa ke da ido da yatsun wannan aiki a duk faɗin duniya in ba kai ba? Ba korarka aka yi ba, wawan zuciyata, ƙarin girma aka yi maka, ka tsaya kana zumɓura baki!

Nas ta samo wata na'urar, Allah ya saka mata. Ta ce akwai mata a layi, ba za ta riƙe mini ita ta wuce Alhamis ba. Kuma ƙa'idarsu ce: sai an koya wa mutum na biyu, wanda ke kwana gida ɗaya da ni, ya san yadda ake tsayar da ita idan na suma.

Don haka ranar Alhamis, ƙarfe tara na safe, hawa na biyu, ƙofar da ke kusa da ɗakin awo. Yaya, babbar 'yar'uwata, za ta raka ni, ta zauna a benci a waje. Tara da rabi nas za ta rubuta suna a takarda. In ka shigo, naka ne, Yaya ta koma gidanta. In ba ka shigo ba, nata ne, kuma daga asibiti gidanta zan wuce da akwatina, in zauna har in haihu. Ba yaji ba ne, kada ka turo kowa biko. Ita za ta canja mini bututu, ita za ta ɗora tafin hannu ta ji ɗanka yana harbi, kai kuma ka zo gaisuwa ranar Juma'a kamar baƙo, a ba ka kujera a falo.

Ba zan so wani ba bayanka, ko a mafarki, ko a fushi irin na yau. Amma zan tafi.

Taka, a gidanka ko a gidan Yaya, har ranar da za a rufe ni da ƙasa,

Matarka