Cukun Da Ya Ƙi Narkewa

Romi, Kaduna
Talata, 14 ga Satumba, 1999

Zuwa ga Sam, hasken idona, sanyin ƙirjina, ruwan farko da ya sauka a busasshiyar gonata, inuwar da nake gudu zuwa gare ta idan rana ta take, mutumin da tunaninsa kaɗai ke sa in bar masa a tanda har ta ƙone,

Ina gaishe ka da gaisuwar da ta fi kogin Kaduna cika a wannan damina. Ina fata kana lafiya, kai da Mama da ƙanwarka Lizzy. Idan ka tambayi tawa lafiyar, jiki dai lau yake, ina tashi ina soya masata ina sayarwa kamar kullum, amma abin da ke cikin ƙirjina ba lafiya ba ne. Yau kwana tara ban sa ka a ido ba. Kwana tara, Sam! Lokacin da kake Abuja, da duk nisan nan a tsakaninmu, wasiƙarka ba ta wuce mako biyu ba ta iso ta hannun direba. Yanzu kana nan Kamazou, inda in na ɗaga murya da kyau za ka iya ji, amma ko saƙon baka babu. Hutunka kuma ranar Litinin zai ƙare, na ƙirga kwanakin tun ranar da ka sauka.

Ka tuna ranar Asabar ɗin nan ta ƙarshen watan Mayu, ranar da sojoji suka miƙa mulki? Duk layinmu an taru a kan rediyon Baba, ni kuwa ina bakin tanda, sai ga ka da takarda a hannu kana haki. Ka ce ka samu aiki a kicin ɗin wani otel a Abuja, wai garin zai cika da sababbin 'yan majalisa da baƙi Turawa, kowa kuma da cikinsa zai zo. Mutane suna ta murnar sabuwar gwamnati, ni ina kuka a cikin hayaƙi ina cewa itacen ne ɗanye. Ka zauna a kan bencina ƙarƙashin mangoro, ka ci masa bakwai, sannan ka riƙe yatsuna da duk man da ke jikinsu ka ce hutunka na farko ba zai ƙare ba sai ka zo da kawunka kun gaida Baba, gaisuwa irin wadda kowa ya san ma'anarta. Wannan maganar na ɗauka na adana, ita nake ci ita nake sha wata uku da rabi. Ko ka manta ne, masoyina? Mangoron yana nan, bencin ma yana nan, ban ɗaga shi ba.

Da ka dawo, na ga ka yi fes, ka yi kumatu, bakinka kuma cike da abu ɗaya: fiza. Ka ce burodi ne mai faɗi kamar faifai, a shafa masa tumatir, a watsa nama da albasa, a rufe da cuku a gasa, kuma kana so ka yi wa Mama da 'yan uwa da abokai ranar Lahadi bayan coci, su ga abin da ɗansu ya koyo. Damuwarka ɗaya, cukun kanti irin na otel ɗinku ba a samun sa a wannan ƙetaren kogin. Ni da bakina na ce ka bar mini wannan. Na ce me zai kai mu neman na gwangwani ko na leda, alhali ga shanu nan a bayan gari? Ka yi dariya, ka lakace mini hanci ka ce to, ka bar shi a hannuna. Ka riƙe wannan kalmar da kyau, don zan dawo kanta. Kai ka ce to.

Ranar Asabar ban kunna wuta ba, na bar masu sayen masa suna ta zuwa suna komawa. Na hau mota zuwa Gonin Gora, na gangara daga titi cikin laka har idon sawu, na je wurin Kulu, Bafulatanar da muke sayen nono a hannunta tun Mamata tana da rai. Na ce mata cukun na surukai ne, ta yi mini wanda babu irinsa. Ta yi mini guɗa, ta zaɓo mini sabo fari tas, ta naɗe a ganye. A cinyata na riƙo shi har gida, ban yarda kwandasta ya taɓa shi ba. Duk hanya ina ganin fuskar Mama lokacin da za ka ce mata, wannan Saratu ce ta kawo.

Ranar Lahadin nan ta fara da daɗi, ba zan yi wa Allah ƙarya ba. Abokinka Chidi ya kawo tanderun da ya ƙera da rabin duro a garejinsu na Kakuri, gawayi a ƙasa gawayi a sama, yana ta yi masa kirari kamar ya ƙera jirgin sama. Mama ta sa an fito mata da kujera, ko kayan zumuntar mata na coci ba ta cire ba. Lizzy tana yanka albasa tana hawaye tana waƙa, maƙwabta sun cika tsakar gida, kai kuma ka ɗaura farin ƙyallen aikinka kana wulla kwaɓin fulawa sama kana caɓewa, kowa yana tafi. Na tsaya ina kallon ka, zuciyata kamar ta fito ta yi rawa. Na ce a raina, wannan duka nawa ne. A lokacin ne Phoebe ta shigo, 'yar maƙwabciyarku, wadda aka ce tana aikin ofis a Abuja, da takalmi mai tsini da wata 'yar kula shuɗiya a hannu. Ta ajiye kular a gindin kujerar Mama.

Sam, tun ina shekara goma sha biyu nake wasa da yis. Da ido kawai nake sanin ƙullu ya tashi, da hanci nake sanin ya wuce. Amma da aka zo murza kwaɓi, wa ka kira? Ni ka miƙo mini tumatir da tattasai ka ce in markaɗa, tunda hannuna ya saba. Ita kuwa, mai farce kamar na shaho, ita ce ba ta iya ba, ita ce sai an koya mata. Na ga lokacin da ka tsaya a bayanta, ka ɗora hannuwanka a kan nata kuna tura kwalba a kan fulawa gaba da baya. Hannuwan da suka riƙe yatsuna ƙarƙashin mangoro! Tana ta dariya tana kiran ka Sammy, sunan da ban taɓa jin ko Mama ta kira ka da shi ba. Yaushe aka raɗa maka shi? A wane layi na Abuja, a gaban wa? Ban san lokacin da tumatirin nan ya zama ruwa a kan dutse ba, Lizzy ce ta riƙe mini hannu ta ce ya isa haka.

Duk da haka na haɗiye, na ce lokacina yana zuwa. Na buɗe ganyena, na yayyanka cukuna da kyau, na jera a kan fizar farko da hannuna. Chidi ya rufe duro, kowa yana jira. Ka buɗe ka leƙa, ka mayar. Ka sake buɗewa, ka sa aka ƙara gawayi. Gefen burodin ya yi ja, ya yi baƙi, cukuna kuwa yana zaune daram yadda na ajiye shi, ko gezau, sai ɗan ja da ya yi a baki. Daga ina zan san ana so ya narke ya malale? Ni ban taɓa ganin fiza ba sai ranar. Mu abin da muka sani, cuku mai kyau shi ne wanda za a soya a jefa a miya ya fito da siffarsa. Kai da ka san yadda abin yake, me ya hana ka gaya mini? Chidi ya ɗaga guda da cokali ya ce wannan ko a injin mota aka sa shi ba zai narke ba, gida ya ɗauka da dariya, har da kai.

Sai Phoebe ta dafa kafaɗata ta ce, “Ayya, Sista Saratu, kin yi ƙoƙari. Amma wannan ai na miya ne.” Ta jawo kularta, ta fito da na kanti a naɗe cikin leda mai rubutun Turanci, da sanyinsa da komai.

Dariyar ba ita ce ta kashe ni ba, ɗan uwana, na saba da tsiyar Chidi. Tambaya ɗaya ce ta soke ni a wurin, har yau kuma ba ta fita ba. Wa ya gaya mata ta kawo? Mutum ba ya tasowa daga Abuja da cuku a kula haka kawai kamar mai duba. Wani ne ya ce mata za a yi fiza ranar kaza, wani ne ya ce mata ana bukatar abu kaza, tun kafin ya zo bakin tandata ya ce mini to. Ka aiki mata biyu abu ɗaya, Sam. Ka bar ni na shiga laka har Gonin Gora, alhali ka riga ka ajiye wata a gefe ko da ni na gaza. Idan haka kake yi da cuku, yaya kake yi da zuciya?

Na ga fiza ta biyu ta fito tana walƙiya. Na ga ka yanka, abin yana ja kamar zare, mutane suna ihu. Na ga zaren ya maƙale a haɓarta, ka kai yatsa ka cire mata. Daga nan ban ƙara ganin komai ba. Na ɗauki gyalena na fita, ban yi wa Mama sallama ba, ko babban farantina ban tsaya ɗauka ba. Wannan laifina ne, na sani, kuma ina jin kunyarsa har yanzu.

Ranar Laraba Lizzy ta kawo mini farantin a wanke, da saƙon Mama. Ta ce da aka watse, Mama ta sa an ajiye mata fizar farko, ta kankare ƙonannen gefen ta ci da shayi washegari. Wai ta biyun ta liƙe mata a haƙori kamar cingam, ita ba ta ga abin ihu a ciki ba. Lizzy ta ce ga kalmomin Mama yadda ta faɗa: “Ki ce wa 'yata Saratu ba a fita gidana ba sallama. Ta dawo, kujerarta tana nan.” Na yi kuka da jin haka. Amma bakin da ya kawo mini wannan shi ne kuma ya gaya mini cewa kai ka raka Phoebe tasha ranar Litinin, kai ka riƙe mata kular. Uwarka ta aiko, ƙanwarka ta tako, kai kaɗai ne ƙafarka ta yi nauyi.

Kishi nake yi, ba zan ɓoye ba, kuma ba zan nemi gafara a kansa ba. Ina kishin kwalbar nan da kuka riƙe tare. Ina kishin titin Abuja da zai ɗauke ka ranar Litinin ya kai ka garin da take, ina kishin kowace mota da ta wuce Gonin Gora ta nufi kudu. Ranar Lahadin da ta wuce ina cikin mawaƙa a coci, bakina yana yabon Ubangiji, idona yana kan ƙofa, zuciyata kuma tana faɗa da wata mace mai takalmi mai tsini. Ka ga abin da ka mayar da ni? Ni da ake yabo da haƙuri a duk Romi, jiya wata ta ce masata ta yi tsami na kusa watsa mata ƙullu.

Amma ba zama na yi ina kuka kawai ba. Na zuba yashi a gindin babbar tukunyar Mamata, yadda muke gasa kek na Kirsimeti, na ɗora faranti a kai, na zuba garwashi a kan murfi. Fizata ta farko ta fito kamar tayar keke. Ta biyu tsakiyarta ɗanya. Baba yana zaune da rediyonsa yana kallo, ya tambaye ni ko sabuwar gwamnati ce ta hana cin tuwo. Ta huɗu, ta jiya, ya cinye rabi, sannan ya tambaya ko yaron nan na Kamazou yana gari har yanzu. Na ce yana nan. Ya ce to, ya mayar da kunnensa kan rediyo. Ka san Baba, bai taɓa tambayar wani saurayi ba sai kai.

Na koma wurin Kulu, kuma cukunta ne a kan dukan huɗun. Na gwada shi da wuta kaɗan, na gwada da wuta mai yawa, na yanka shi siriri kamar takarda, bai narke ba, ba kuma zai narke ba. Na daina jin haushinsa. Na Phoebe yana da kyau a ido, yana bin duk inda aka ja shi, amma Lizzy ta ce da ya huce sai ya zama roba. Nawa yadda ya shiga wuta haka yake fitowa, da zafi da sanyi ɗanɗanonsa ɗaya. Abin da nake da shi ke nan, rabin raina, ba ni da kula shuɗiya, ba ni da wani suna na Abuja da zan kira ka da shi.

Gobe zan je in durƙusa wa Mama in ba ta haƙuri, wannan tsakanina da ita ne, ko kana gida ko ba ka nan. Ranar Lahadi kuma bayan coci zan gasa ta biyar a gidanmu, zan shimfiɗa tabarma, zan ajiye kujeru biyu kusa da ta Baba, ɗaya taka ɗaya ta kawunka. Ka zo, hasken idona, ka zo ka gaya mini da bakinka wa ya aiki Phoebe, zan iya jin gaskiya ko mai ɗaci ce. Idan kujerun nan suka wuni babu kowa, ba zan sake rubuto maka ba, ba kuma zan tare ka a hanya ba. Amma ka sani, ni ban ajiye kowa a gefe ba ko da kai ka gaza. Mutum ɗaya na aika wa zuciyata, kuma shi nake jira.

Taka a cikin wuta da bayan an sauke, yau da gobe har ranar da Ubangiji zai kira ni,

Saratu