Yatsun da Ke Gefen Kogi

Gogo,

Ina gaisuwa. Yaya ƙafarki, yaya su Mainasara? Ni lafiya lau a Omdurman, ana ci daidai gwargwado.

Ga hoton da kika nema don ki ga ko na rame. Baturen da nake wa wanke-wanke mutane yake zanawa. Ya ce in tsaya bakin Nilu, kunya ta sa na gudu, dole ya zana kogin kawai da fentin mai. Jiya aka zo ɗaukar hoton zanen, aka ba ni in riƙe. Mai hoto yana ta "Ke yarinya, sauke kaɗan!" ni kuwa ina ƙara ɗagawa har ya rufe mini fuska.

Yatsun nan na gefe nawa ne. Kada ki ce sun rame, Gogo, irin naki na gado.

Allah ya bar mana ke.

Lauratu