Hanyar Bayan Dutse

Kawu,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, da Inna da yara. Ya gwiwar taka? Allah ya ƙara sauƙi.

Ni lafiya lau nake. Aikin otal ɗin da ka rantse wa mahaifiyata ka samo mini, ashe dakon kayan baƙi ne zuwa ƙololuwar dutse. Ba komai, wuyana ya saba.

Hanya biyu ce ke kai mutum sama. Ta gaba, mota ke kai baƙi har bakinta, ga matakala, ga igiyar riƙewa. Mu 'yan dako ba a so mu ɓata musu hoto, sai jagora ya sauke mu a gindin ta baya, wadda ko akuya sai ta yi shawara kafin ta bi. Ta nan muke hawa da tukwane da tantuna, mu riga su isa, mu dafa musu shayi.

Na ga saƙonka cewa in samo wa autanka gurbi, mara wahala. Ka yi sa'a. Wanda ke bina a layi ya zame ranar da aka yi ruwa, kuma jagora ya amince autanka ya maye shi.

Ka turo shi. Takalmi ƙafa ɗaya kawai za ka saya masa, ta hagu. Ta dama tana wurina, inda mutumin ya bar ta.

Ka kwantar da hankalinka, Kawu. Zan riƙe shi kamar yadda ka riƙe ni.

Ɗan ƙanwarka