Rabin Maganar Papa

Garin Die, 14 ga Satumba

Zuwa ga ƙanena Aurélien,

Ina gaishe ka da kyau, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da Noémie da ɗanku Basile. Allah ya sa sanyin Montréal bai fara matsa muku ba. Mu nan lafiya lau. An fara tsinkar inabi, ƙafar gwaggonmu Tata Odile kuma ta yi sauƙi har ta koma kasuwar Asabar da cukunta.

Maganar Papa ce ta sa na ɗauki biro. Wata biyu ke nan ba ka kira shi ba, kuma na san dalili: bidiyon nan na daƙiƙa arba'in da ke yawo, inda yake cewa kogi ya saba ƙafewa tun zamanin kakanni, zancen ɗumamar duniya kuwa tsoratar da talaka ne kawai. Muryarsa ce, ba shakka. Amma ni ina ɗakin karatu na gari ranar da ya yi jawabin. Haba Aurélien, kai fa ɗan malamin falsafa ne! Shekara talatin da biyar yana koya wa ɗalibai cewa kafin ka rushe magana sai ka gina ta da kyau, fiye da mai ita. Minti goma ya yi yana jera hujjar masu musu, sannan ya shafe awa guda yana warware ta da awon ruwan kogin Drôme da yake rubutawa tun kafin a haife ka. Wani ne ya yanke farkon ya watsa.

Yanzu mutanen da bai taɓa gani ba suna ta aiko masa da yabo, tsofaffin ɗalibansa kuma in sun hango shi sai su tsallaka titi. Na ce ya fito ya ƙaryata, ya ce me zai ƙaryata, shi ya faɗa, kuma ya faɗa da kyau. Har da dariya, wai da ɓangaren can ya shiga da tuni ya yi suna. Ka san taurin kansa, kai ma ka gada.

Dariyar ba ta kai ciki ba. Ranar Lahadi muna wanke kwanuka ya ce baƙi ba su dame shi ba, su rabi aka ba su. Abin da ya kasa haɗiyewa shi ne ɗansa, wanda ya yi shekara ashirin yana musu da shi a teburin cin abinci, ya ji rabin maganarsa bai tambayi ina sauran ba. Ya ce watakila shi ne bai iya koyarwa ba. Ban taɓa jin haka daga bakinsa ba, kuma wallahi na tsorata.

Ina da cikakken jawabin a wayata, amma ya hana ni tura maka. Ya ce in kana so, ka tambaye shi da bakinka. Mutumin da kullum sai an nemo masa wayarsa a mota, yanzu a aljihun gaban rigarsa take wuni.

Ka gaida Noémie, ka rungume min Basile. Tata Odile da kawunmu Tonton Firmin suna gaishe ku. Papa bai ce a gaishe ka ba, amma sau biyu yana tambayata ko na rubuta adireshin daidai.

Yayarka,
Solène