Sun Tofar da Gahawarka, Malam

Assalamu alaikum, Malam. Bayan gaisuwa da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, na zauna ne in ba ka labarin gonarka ta Gembu. Ba a sare ta ba.

Wata goma sha ɗaya ke nan da aka rufe ka a nan Birmingham. Ko takaba ban fita ba yayanka Sule ya bugo waya, wai itatuwan gahawarka sun tsufa, gara a sare a sa masara. Ni me zan ce? Ina Balsall Heath, su suna can kan dutse. Nasiru ne, ɗan ƙaninka, ya roƙa a ba shi shekara ɗaya. Yaya ya ce idan ba a samu masu son gahawar ba, gatari na nan.

Ka tuna yadda kake hana a zage reshe gaba ɗaya? "Jajayen 'ya'yan kawai, Hajara, ɗanye ya jira ranarsa." Haka Nasiru ya yi, shi da abokansa biyu da suka gama makaranta babu aiki. Ɗaya bayan ɗaya suka tsinka, suka shanya a kan gadon kara, ba a ƙasa ba.

Ya aiko ƙulli ta hannun wata ɗaliba mai dawowa jami'a a nan. 'Yarka Hafsa ta kai wurin aikinta a Manchester, inda suke soya gahawa, ta ce masu ɗanɗanawa za su duba. Na hau jirgin ƙasa na bi ta, ni da ko wurin likita sai ka raka ni.

Malam, sun jera kofuna a tebur, kowa da cokali. Sai su zuƙa da ƙara kamar ba a yi musu tarbiyya ba. Da suka zo kan taka, wata dattijuwa ta zuƙa, ta juya ta tofar. Wanda ke biye da ita ma ya tofar. A gabana! Ka san a gidanmu ko miya ta yi gishiri haɗiyewa ake yi. Na ja mayafina na fita, na tsaya bakin titi ina kuka, ina tunanin da wane baki zan faɗa wa Nasiru.

Hafsa ta biyo ni da Hausarta ta rabi da rabi. Wai haka aikin yake, ta kowa tofarwa suke yi, in ba haka ba su kwana ido biyu. Ta ce dattijuwar nan sau uku ta koma kan kofin gahawarka, a na ukun ta haɗiye.

Suna so, Malam. Har ta baɗi sun tambaya. Da na kira gida Nasiru ya yi ta hamdala, Yaya kuwa cewa ya yi dama shi bai taɓa wasa gatarin ba.

Shekara ashirin da shida ina dafa maka ita ina yatsina fuska. Yau da safe na zuba a kofinka mai tsagaggen baki, ban sa sukari ba. Ba zan maka ƙarya ba, har yanzu da ɗaci. Amma na shanye.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya sa duk wanda ya ci abinci daga itatuwan nan ladan ya iske ka. Allah Ya haɗa fuskokinmu a Aljanna.

Matarka,
Hajara