Wayar Shanya

Malanbil, ran Litinin

Zuwa ga yayata Balkissa,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina hwata kina lahiya, ke da Malam da yara. Yaya ciwon gwiwar nan? Mu nan sai godiya. Yau kwana arba'in da bakwai da rasuwar maigidana Mahfuzu. Na rubuto ne don maganar ba ta talho ba ce. Inna Aissa, uwarshi, ɗaki guda muke wuni, kuma kunnenta ya hi nawa. Mai kwalekwale zai kawo miki har Gaya.

Kin san aikin da ya bari, gidan wasan da Alhaji Ɗangana ya gina a hanyar Gene. Akwai wurin da ake mirgina ƙwallo mai nauyin kabewa bisa katako, ya je ya kada waɗansu itatuwa kamar ƙananan taɓare. Mahfuzu ne anka ba aikin sauti da majigi da manyan talabijin na bango. Ya rataya akwatunan sauti shida a ƙarhen sama. Biyar da sarƙa. Na shidan, babban, sarƙarshi ba ta kai ba.

Yaya, da wayar shanyata ya ɗaure shi. Ran nan na hito da wanki ban ga waya ba, na yi ta hwaɗa. Ya yi dariya ya ce akwatin ya ɗaure da ita, aro ne na kwana biyu, zai tahi Kandi ya sayo sarƙa, in ya dawo ya saya mini sabuwa har da ta maƙwabta. A hanyar dawowa hatsarin motar nan ya ɗauke shi. Ni kuwa tun ranar hankalina bai koma kan wayar ba. Jiya na samu ƙarhin hali na buɗe jakar da jandarma sunka kawo. Sarƙar tana ciki, sabuwa, da ƙugiyoyinta huɗu.

Ƙarƙashin akwatin nan akwai dogon bencin da ya ce na yara ne. Ran Asabar za a buɗe gidan, kuma Alhaji ya gayyaci 'yan lakkol, yaran makarantar boko, su shiga kyauta da la'asar. Na aiki Awal, ƙanen marigayi, ya hwaɗa mishi. Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Rukaiya

Malanbil, ran Laraba

Zuwa ga yayata Balkissa,

Ina gaishe ki da gida duka. Allah Ya sa takardata ta iske ku lahiya. Ni jikina lahiya, zuciyar ce ba ta zauna ba.

Awal ya dawo da abin da ban zata ba. Mahfuzu ba ya rubuta lamba a jikin waya irin ta masu diploma. Da ajami yake rubutawa a 'yar takarda, ya manna: wannan ta dama ce, wannan ta ampili mai ƙara sauti ce, wannan kada a taɓa. Ni nake yanka mishi takardun da almakashin ɗinkina. To, mutumin da Alhaji ya ɗauko daga Kwatano don ya ƙarasa aikin bai san ajami ba. Ya ga rubutun Larabci manne ko'ina, ya kuma ji mai aikin ya mutu a hanya. Sai ya ce layu ne, shi ba zai taɓa komi ba sai an cire. Kahin Alhaji ya dawo daga kasuwar albasa an ɓamɓare su duka an ƙona. Yanzu a gari ana cewa mijina asiri ya binne ma mutane a gida, ya koma kanshi. Mutumin da ko hayaƙin turare sa shi atishawa yake!

Da Awal ya kai saƙona, Alhaji ya ɗaga kai ya duba, ya ce shi akwati yake gani zaune daram. Daga ƙasa ba a ganin wayar, tana bayan ƙarhe. Mutumin Kwatano ya ce shekara goma sha biyu yana wanga aiki, ba mai takaba ce za ta koya mishi ba. Awal ya ce a kawo tsani. Anka ce tsani yana wurin masu fenti, shi kuma ya koma ya ci gaba da awon shinkahwarshi. Kin san Awal da kunya. Ya dawo.

Jiya sun gwada sautin. Daga nan unguwarmu kwanon ɗakina yana rawa. Mahfuzu ya sha hwaɗa mini ba nauyi ke tsinka waya ba, girgiza ce, tana cin ta a hankali wurin da ta gogi ƙarhe. Kowace kunnawa sai in ji kamar ni ake gogawa.

Na yi ma Inna maganar in tahi da kaina. Ta ce in har na taka gidan kiɗa cikin takabar ɗanta, to na binne shi sau biyu. Na ce Malam na masallacinmu ya ce mai takaba tana hita da rana in lalura ta kama. Ta ce Malam bai haihi Mahfuzu ba. Ban ga laihinta ba, Yaya. Shi kaɗai ne namijin da ta raina da hannunta, Awal a Garu ya tashi. Ki tambayar mini mijinki, ki aiko da amsa ko da baki ce.

Taki,
Rukaiya

Malanbil, ran Asabar da hantsi

Yaya Balkissa,

Gaisuwa a gurguje, ki yi mini haƙuri. Mai kwalekwale ya zo jiya hannu wohi, ya ce bai iske ki ba, kin tahi suna. Na ƙara aika Awal, mai gadi ya hana shi shiga. Na kira Alhaji sau bakwai, bai ɗauka ba.

Ɗiyar maƙwabciyata, Amira, ta shigo ɗazu ta nuna mini rigar da za ta sa. Shekararta takwas. Na ce ma uwarta ta hana ta, ta dube ni da tausayi, irin kallon da ake yi ma wanda baƙin ciki ya taɓa ma kai. Ko na hana Amira, sauran hwa?

Na sa sarƙar cikin kwalla na ruhe. Inna tana zaune bakin ƙohwa da tasbaha, ta san abin da ke ciki. Sai na bi ta gabanta. In kinka ji wata magana a kaina, ga yadda ta kasance.

Rukaiya

Malanbil, ran Lahadi

Zuwa ga yayata Balkissa,

Bayan gaisuwa, ina hwata kun tashi lahiya. Na tahi, na dawo.

Na durƙusa gaban Inna na ce ta gahwarta mini. Ba ta janye ƙahwarta ba, sai da na tsallake. Ban hau zemijan ba, babur ɗin haya, na taka. Mai gadi ya ga mace cikin kayan takaba ya rasa ta inda zai kama ni, na wuce. An jera kujeru, an hura balan-balan, kiɗa yana tashi ƙasa-ƙasa. Na nemi bencin na zauna daidai ƙarƙashin akwatin, kwalla bisa cinya.

Alhaji ya zo da babbar riga yana salati. Ya ce Hajiya, wace irin fitina ce wannan, yau ranar hwarin cikinshi. Na ce ni ba Hajiya ba ce, matar mai layu ce. Tunda akwatin daram yake, a ƙara sauti har ƙarshe, ina nan zaune. In sun yarda da shi ma 'ya'yan mutane, su yarda da shi ma ni. Mutumin Kwatano ya ce da Faransanci a hitar da ni. Na gane, ai na yi aji huɗu. Ba wanda ya matso. Wa zai ja mai takaba a gaban baƙi? Kuma ba wanda ya kai hannu ga sautin. Alhaji ya dube shi ya ce, to Malam Diploma, ƙara mana. Bai ƙara ba.

A waje na hwara jin hayaniyar yara, an kawo su tun kahin lokaci. Alhaji ya ce a ruhe ƙohwa, a ɗauko tsanin. Anka kashe kiɗa. Mutumin ya hau yana gunaguni, ya kai sama ya leƙa bayan ƙarhen. Ya daɗe. Sannan ya ce, da wata murya daban, kowa ya matsa, madam ma don Allah ta tashi a hankali. Maza huɗu sunka tallabe akwatin da igiya. Da mutumin ya sauko ya miƙa ma Alhaji wayar. Zare bakwai gare ta, biyar sun tsinke. Ya kuma zo da 'yar takarda guda da ta tsira a bisa akwatin, inda hannu bai kai ba, ya ce in karanta. Na karanta da ƙarhi don na baya su ji: kada a kunna, sai na dawo da sarƙa. Na buɗe kwalla na tura mishi sarƙar.

Alhaji ya ce a mai da ni gida da motarshi. Na ce a'a. Na ce abu guda nake so, duk inda anka ce asiri ne ya tahi ya ce ba asiri ba ne. Ya ce zai hwaɗa ran Juma'a a masallaci. Za mu gani.

An rataye akwatin da sarƙar, an buɗe gidan bayan la'asar sakaliya. Ina ɗaka ina jin kwano yana rawa, ban iya zama ba har sai da yara sunka wuce ta ƙohwarmu kahin magariba, suna gardamar wa ya kada itace tara. Na ji muryar Amira a ciki.

Inna ba ta yi mini magana ba har yanzu. Tuwon da na kai mata ta mayar, ta aika gidan Awal a kawo mata. Matan unguwa rabi sun ce na kyauta, rabi sun ce na yi abin da ba a yi. Ban san yadda zaman zai kasance ba, kuma saura kwana saba'in da bakwai. In gwiwarki ta bari, ki ƙetaro ko na kwana biyu ne. Tana jin nauyinki, wataƙila ta ci daga hannunki.

Ki gaida Malam da yara. Allah Ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki,
Rukaiya