Sunanka Ya Shiga Zauren Gwaraza, Ɗan Pauwa

Zuwa ga Yayana, marigayi Malam Lawal,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Gaisuwa ce ta ƙane zuwa ga wansa, tare da fatan Allah Ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka. Na san takarda ba ta isa inda kake. Amma labarin da na zo da shi naka ne, ba zan iya ba kowa ba sai na fara da kai. Masu karanta shafin nan su yi haƙuri, su saurara daga gefe.

Yaya, masu kula da babbar gasar ƙwallon ƙafa ta ƙasa sun buɗe wani zaure don karrama gwarazan 'yan wasansu, tun daga na farko har na baya-bayan nan. Sunanka yana ciki, a jerin masu tsaron gida. Ni aka gayyata a madadin iyali. Na je, na gani da idona.

Tun da na dawo nake ta tunanin filin bayan firamare a Kankara, inda kake zuwa da kekenka daga gonarmu ta Pauwa, ƙafafunka duk taɓo, ka jingine keken ka tsaya tsakanin itace biyu da aka kafa. Ba raga, ba safar hannu. Ranar da muka kara da 'yan Faskari suka yini suna bugu ba su ci ko ɗaya ba, ranar ce wani ma'aikacin masaƙa da ya zo ganin gida ya tambayi ko ɗan waye kai. Ba a daɗe ba kulob ɗin masaƙarsu a Kaduna ya aiko a tafi da kai.

Shekarun nan ne kuɗin man fetur ya shigo ƙasa. Manyan motoci suna wucewa da siminti ba dare ba rana, kowane saurayi yana son rediyo da agogo, gonaki kuma suna rasa masu noma su. Mu dai murnarmu ranar Asabar ce, mu taru a teburin mai shayi, a ƙure rediyo. Duk lokacin da mai sharhi ya ce mai tsaron gida ya cafke, sai benci ya kife.

Baba kuwa ko kusa da teburin nan ba ya zuwa. Abin da yake cewa ɗaya ne: “Namiji da gemunshi yana tsalle cikin gajeren wando, kuma a ce aiki ya tahi?”

Bayan shekarar fari da ta cinye mana shanu, ruwa ya dawo da ƙarfi, ciyawa ta fi ƙarfin Baba. Ni ina sabon malamin makaranta a Sabuwa, ba na samun zuwa sai ƙarshen mako. Ya aika maka ka dawo, ka ce a ƙara maka lokaci. Sai ya ce shi da kansa zai je ya taho da kai, kuma in har ka ƙi biyo shi, to ka nemi wani uban. Inna ta yi kuka, ta ce in raka shi. Na san halin Baba, na san ba ya magana biyu. A bayan babbar mota, tun daga Funtua har Zariya, addu'a kawai nake yi.

Muka isa ranar wasa. Aka ce ba a ganinka sai an tashi. Dole na ja Baba cikin filin, da babbar rigarsa da sandarsa, ya zauna a tsakiyar samari masu busa ƙaho. Ya sunkuyar da kai yana jan carbi, ya ƙi duban inda kake.

Kuna gaba da ci ɗaya, ana dab da tashi, alƙalin wasa ya ba abokan karawarku fenariti. Filin ya yi tsit. Shirun ne ya sa Baba ya ɗago kai. Ka goge tafinka a cinya, ka ɗan ranƙwafa. Mai bugun ya narka ƙwallon can ƙasa ta hannun hagunka, kai kuma ka miƙe a iska kamar an harba ka, ka doke ta da yatsu, ka faɗi, ka sake tashi ka rungume ta kafin ya iso. Wallahi har yau ban san yadda jikin mutum yake yin haka ba.

Sai jama'a suka ɗauka gaba ɗaya: “Ɗan Pauwa! Ɗan Pauwa!” Baba ya kama hannun rigata ya ce, “Mi suke cewa?” Na ce masa sunan garinmu suke kira. Ya juya ya dubi mutanen nan, Yarbawa da Inyamurai da Tibi da waɗanda ban san yarensu ba, duk suna kiran ƙauyen da ko direbobi sai an kwatanta musu. 

Abin da ka yi bayan an tashi shi ya fi tsaya mini a rai. Magoya baya suna son su ɗaga ka, ka zame, ka ɗaura tawul ka rufe gwiwoyinka, ka zo gaban Baba ka durƙusa a ƙasa, gumi yana zuba. Ka ce in ya ce a tafi yanzu, kayanka ba su da yawa. Ya karɓi hannunka ya juya shi, ya daɗe yana duban yatsun nan da suka karkace saboda duka. Sa'an nan ya ce, “Wannan ba hannun malalaci ba ne. Ka zamna. Amma damina ta riƙa ganinka.”

Kuma damina ta riƙa ganinka. Duk hutun da aka ba ku, sai ga ka a Pauwa da fartanya, alhali hotonka yana cikin jarida. Wani zuwan ka taho da Emeka, ɗan wasan gabanku, wanda yaƙin basasa ya raba shi da kusan dukan danginsa, ba shi da inda zai je hutu. Mutane suka yi ta ƙus-ƙus, yaƙin bai daɗe da ƙarewa ba. Ka ce baƙon Baba ne, wanda ke da magana ya je ya same shi. Inna ta dama masa fura, hannunsa ya yi kanta a gona, yara suka koya masa Hausa irin tamu. Da zai koma har da kuka.

Da gwiwarka ta lalace ka dawo gida, ban taɓa jin ka yi ƙorafi ba. Ka koma noma, kana zuwa Faskari kana koya wa samari tsaron gida, kana ɗingishi. Jikokinka ba su san wani abu game da kai ba sai tsohon da ke riga kowa zuwa masallaci. Kai kuma ba ka taɓa zaunar da su ka ba su labari ba.

Saura kaɗan a tsallake ka, Yaya. Zamaninku ba a cika ɗaukar wasa a bidiyo ba, masu zaɓen kuma yawancinsu ba a haife su ba lokacin. Emeka ne ya tashi, da furfurarsa da sandarsa, ya bi tsofaffin 'yan wasa gida-gida, naku da na abokan karawarku, duk wanda ya rage da rai, har suka je suka ba da shaida. Wani cikinsu ya ce wa masu zaɓen in babu Ɗan Pauwa a jerin, to shi ma a cire nasa.

Hoton da suka kafa baƙi da fari ne. Kana sama, damtsenka ya rufe rabin fuskarka. Na daɗe a tsaye a gabansa. Wani saurayi mai tsaron gida na wannan zamani ya kawo mini kujera, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, “Baba, da gaske ba ya sa safar hannu?” Na ce da gaske. Ya dubi tafinsa ya girgiza kai.

Bayan taro Emeka ya ce sai ya biyo ni gida. Na gaya masa hanyarmu ba kamar da ba ce, yanzu mutane ba sa bari la'asar ta same su a daji. Ya ce shekarunsa sun wuce na tsoro. Muka iso Pauwa da hantsi, jikokinka suka biyo mu har maƙabarta. Na nuna masa inda kake, kusa da Baba da Inna. Ya cire hularsa, ya daɗe a tsaye. Can sai ya ce, da Hausar nan tasa ta Katsinawa, “Gola, sun rubuta hwa. Na ce masu sai sun rubuta.” Sa'an nan ya zauna a gindin bishiya, ya tara yaran nan, ya fara ba su labarinka tun daga farko. Har azahar ba wanda ya motsa.

Yayana, na yi kewarka. Da can ina alfahari da kai saboda abin da rediyo ke faɗa. Yanzu da na tsufa, durƙuson nan da ka yi a gaban Baba nake tunawa in ji hawaye.

Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka Ya haskaka shi. Allah Ya haɗa ka da Baba da Inna a Aljannar Firdausi. Allah Ya dawo wa ƙasarmu da zaman lafiya, Ya albarkaci zuriyar da ka bari, Ya saka wa amininka da alheri. Mu kuma in tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.

Ƙanenka da ke kewarka,
Sani, daga Kankara